Mahaɗar bututun jan ƙarfe tana yoyo, an ƙara mata dalma ta ƙi tsayawa: ina matsalar take?

Malam, ga abin da na fahimta daga tambayarka. Akwai wata gwiwa, wato mahaɗar da ke lanƙwasa bututu, a layin ruwan sanyi na gidanka, a bututun jan ƙarfe mai faɗin milimita 15, wadda aka liƙe da dalma tun lokacin da aka ja layin, yanzu kuma ta fara ɗiga a hankali. Ka rufe ruwa, ka hura mata wuta, ka ƙara dalma a bakinta har sau biyu, amma dalmar sai ta dunƙule ta gangaro ƙasa, da ka buɗe ruwa kuma ɗigar ta dawo, har ta fi ta da. Kana son sanin inda kuskuren yake, da yadda za ka gyara ta gyara na dindindin.

Mahaɗar da ruwa ya riga ya ratsa ba a gyara ta daga waje. Sai an fitar da ruwan da ke cikin bututun gaba ɗaya, an raba mahaɗar, an goge ƙarfen har ya yi haske, sannan a sake liƙin daga farko, ko kuma a yanke wurin a sa sabon yanki. Na san wannan ba ita ce amsar da mutum yake so ya ji ba lokacin da yake tsaye da wuta a hannu, amma shekarun da na yi a wannan aiki sun nuna mini cewa ƙarin dalma a bakin mahaɗa mai yoyo aikin baban giwa ne. Dalilin kuwa yana cikin yadda liƙin yake kama ƙarfe tun asali.

Dalmar da kake gani ta zagaye bakin mahaɗa kamar zobe ba ita ce ke riƙe ruwa ba. Abin da ke riƙe ruwa yana ciki, inda ido ba ya kaiwa. Bututu yana shiga cikin gwiwar kimanin santimita ɗaya, kuma tsakanin bayansa da cikin gwiwar akwai ɗan siririn fili wanda bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kaurin takarda guda. Idan ƙarfen ya yi tsabta kuma ya ɗauki zafi daidai, narkakkiyar dalma tana tsotsuwa cikin wannan fili da kanta, kamar yadda lagwani ke jan mai zuwa sama, ko da mahaɗar tana kallon ƙasa ne. Tana shiga sai ta haɗu da fatar jan ƙarfen su zama abu guda. Wannan tsotsuwa tana da sharaɗi biyu da ba ta yafewa: ƙarfen ya kasance ba dauɗa ko kaɗan, kuma zafinsa ya wuce inda dalmar ke narkewa. A mahaɗarka duka biyun sun ɓace.

Mu fara da zafi, domin shi ne ya sa dalmarka ta dunƙule. Dalmar da ake liƙin bututun ruwan sha da ita yanzu, wadda galibinta kuza ce da ɗan jan ƙarfe, tana fara narkewa a wajen digiri 227 na ma'aunin Selsiyos, ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100. Muddin akwai ruwa kwance a cikin bututun kusa da mahaɗar, ƙarfen da ke taɓa shi ba zai yi nisa da digiri 100 ba, komai ƙarfin wutar da ka sa, domin duk zafin yana tafiya ne wajen mayar da ruwan tururi. Zafin da ake bukata a mayar da tafasasshen ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata a kai shi tafasa daga matakin ƙanƙara. Ga shi kuma jan ƙarfe yana kwasar zafi yana watsa shi da saurin da ya ninka na baƙin ƙarfe kusan sau takwas, saboda haka ko ruwan yana can nesa da tafin hannu guda, yana satar zafin mahaɗar. Wutar ce ta narkar da dalmar da ka ɗora, ba ƙarfen ba, shi ya sa ta taɓa sanyi ta dunƙule. Akwai kuma wata ɓarnar: ruwa idan ya zama tururi yana faɗaɗa kusan sau 1,700, idan kuma duk famfuna a rufe suke, ba shi da mafita sai ta cikin tsohuwar dalmar da ta fara laushi. Nan yake huda wata sabuwar hanya, kuma ina kyautata zaton abin da ya ƙara maka ɗigar ke nan.

Sharaɗi na biyu shi ne tsabta. Hanyar da ruwa ya daɗe yana bi ta cikin mahaɗa ta riga ta yi baƙi, ta tara gishirin ruwa da wannan kore-koren da jan ƙarfe ke yi. Dalma ba ta kama irin wannan fata. Man liƙi, wato man da ake shafawa kafin a sa wuta, aikinsa shi ne ya cinye siririyar dauɗar da iska ke ɗora wa ƙarfe, ya kuma hana sabuwa taruwa lokacin da ake zafafawa. Ba shi da ƙarfin wanke dauɗar shekaru, kuma idan ka shafa shi a waje ba zai kai can ciki inda ake bukatarsa ba.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar mahaɗar ce ke yoyon. Ruwa yana bin jikin bututu ya gangaro ya taru a gwiwa ya ɗiga daga can, alhali ramin yana sama, sannan bututun ruwan sanyi yana yin gumi a wuri mai ɗumi da laima. Ka goge layin ya bushe sarai, ka naɗa busasshiyar takarda mai laushi a sama da mahaɗar da kuma a bakinta, ka jira ka ga wadda za ta fara jiƙewa. Ka kuma tabbatar bututun na ruwa ne, domin ana jan iskar gas ma da jan ƙarfe, kuma wannan ba a kusantarsa da wuta.

Fitar da ruwa shi ne rabin aikin, kuma nan mafi yawan mutane suke gajen haƙuri. Rufe babban bawul kawai bai isa ba, domin ruwan da ke cikin layi yana nan tsaye. Ka rufe bawul ɗin, ka buɗe famfon da ya fi kowane tsawo a gidan domin iska ta shiga, sannan ka buɗe wanda ya fi kowane ƙasa domin ruwa ya fita. Idan layin yana da alaƙa da hita, ka kashe ta tukuna. Idan mahaɗar tana ƙasa da duk famfunan, ko tana wurin da bututu ya lotsa, ruwa zai rage a ciki ko ta yaya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka yanke bututun kusa da ita ka bar shi ya tsiyaye cikin bokiti, ka ɗan karkatar da shi, ka zura siririn tiyo ka zuƙe sauran ko ka hura iska ta wani ɓangaren.

Na taɓa yin aiki a kan wani layi da ke kwance a ƙarƙashin dandamalin katako. Na tsiyaye shi, na zura tsumma na ga ya fito a bushe, na shafa man liƙi na haɗa. Da na sa wuta, bayan ɗan lokaci sai na ji wani siririn sauti kamar na ruwa a kan garwashi, man ya yi kumfa ya koma baƙi, dalmar kuma ta tsaya a baki tana sheƙi ba ta shiga ba. Na janye wuta na raba mahaɗar, na zauna ina kallon bakin bututun da tocila. Sai ga ɗigo ɗaya ya taho a hankali ta ƙasan bututun, ya tsaya a baki, ya faɗi, bayan kusan minti guda wani ya biyo shi. Ashe tsohon bawul ne ba ya rufewa ruf. Ɗigo ɗaya a minti ya isa ya hana liƙi kamawa. Tun daga ranar, ba na sa wuta sai na zauna na kalli buɗaɗɗen bakin bututu na 'yan mintuna na ga ba abin da ke zuwa. Idan bawul ɗinka yana irin wannan satar, ka rufe ruwan daga wani wuri da yake bi kafin ya iso bawul ɗin, ko ka bar wata mafita a buɗe ƙasa da inda kake aiki domin ɗigar ta bi can. Akwai kuma toshi na roba mai faɗaɗa da ake turawa cikin bututu ya tare ruwa na ɗan lokaci, da na'urar daskarar da ruwa a cikin layi, amma ita wannan sai an yi nesa da wurin wuta sosai.

Abubuwa biyu na kariya ba na sassauci a kansu. Na farko, a gidaje da yawa ana ɗaure wayar da ke kai wutar lantarki ƙasa a jikin bututun jan ƙarfe, saboda haka kafin ka raba layin ka haɗa ɓangarorin biyu da waya mai maƙala a kowane kai, domin kada hannunka ya zama gadar. Na biyu, gobara. Ka tuna cewa ka riga ka rufe ruwan gidan, wato ba ka da abin kashe wuta a famfo. Ka ajiye bokitin ruwa da abin kashe gobara kusa, ka sa tabarmar tare wuta ko farantin ƙarfe tsakanin bututu da katako, ka sa tabarau na kariya domin narkakkiyar dalma tana fallatsa. Bayan ka gama, kada ka bar wurin sai ka yi kamar awa guda kana leƙawa, domin ƙura da katakon da ke bayan bango suna iya cin wuta a ɓoye ba tare da harshe ba.

Idan layi ya bushe, ka zafafa gwiwar, ka kama ta da filaya, kana ɗan murɗawa a hankali har ta saki. Kada ka fizge ta da ƙarfi, domin jan ƙarfe mai zafi yana laushi, bakinsa yana iya lotsewa. Tana fita, ka shafe narkakkiyar dalmar da ke kan bututun da busasshen tsumma mai kauri, na auduga, kana sanye da safar hannu. Sannan ka tsaya ka duba abin da ka ciro, domin shi zai gaya maka tarihin mahaɗar. Inda liƙi ya kama za ka ga fari mai sheƙi kamar azurfa. A mahaɗa mai yoyo kusan kullum za ka tarar da wani baƙin zane ko ruwan ƙasa da ya taso daga ƙarshen bututu har zuwa baki, galibi ta ɓangaren da ke fuskantar bango, inda wutar mai aikin farko ba ta kai ba. Wannan wuri dalma ba ta taɓa shiga ba tun ranar farko. Busasshen man liƙi ne da dauɗa suka toshe shi, suka riƙe ruwa na watanni ko shekaru, har ruwa ya wanke su.

Shawarata ita ce ka jefar da tsohuwar gwiwar ka sa sabuwa. Goge cikin tsohuwa har ya koma daidai yana da wuya, kuma wadda aka hura wa wuta sau biyu ta riga ta ƙone. Shi kuwa bakin bututun, idan yana nan a zagayensa kuma bai lotse ba, siririn farin dalmar da ya rage a kansa ba laifi ba ne, yana ma taimaka wa sabon liƙi, muddin ka goge shi ya yi sumul har sabuwar gwiwa ta shige ba tare da dole ba. Idan ya lotse, ko ya yi ramuka, ko ya yi baƙi ƙirin, ka yanke ka koma inda ƙarfe yake da lafiya, ka cike gurbin da sabon yanki. Inda bututu ba ya motsi, akwai soket marar tangarɗa a tsakiya wanda ake zurawa gaba ɗaya kan bututu ɗaya sannan a dawo da shi ya hau biyun. Ka yi alama da fensir a kowane ɓangare domin ka san ya zauna a tsakiya.

Ka yanka da abin yanka bututu mai faifai, domin ya fi zarto ba da baki madaidaici. Sai dai yana barin wani leɓe mai kaifi ta ciki, kuma dole a kankare shi. Mutane suna raina wannan, alhali wannan leɓe yana sa ruwa ya riƙa juyi a bayansa yana cin bangon bututu, bayan shekaru sai rami ya ɓulla dab da mahaɗar. Bayan haka ka goge bayan bututun da samfefa mai laushi, ka wuce zurfin da zai shiga da kaɗan, ka goge cikin gwiwar da buroshin waya na girmanta, ko da sabuwa ce fil. Ka goge har ƙarfen ya yi haske ko'ina, amma kada ka ci shi da yawa, domin idan filin ya yi faɗi tsotsuwar tana raguwa. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin, man jiki kaɗai yana iya barin tabo. Ka shafa man liƙi da ɗan buroshi, siriri, a bayan bututun da cikin gwiwar, ka tura har ƙarshe kana ɗan murɗawa, ka share wanda ya fito waje. Yawan man ba alheri ba ne, domin yana da sinadari mai cin ƙarfe, kuma wanda ya zube cikin layin ruwan sanyi yana iya zama a wurin yana huda bututun a hankali. Ka nemi irin wanda aka rubuta cewa ya dace da ruwan sha kuma ruwa yana wanke shi.

A kan dalmar kanta akwai abin lura, domin sunan yana ruɗarwa. Tsohuwar dalmar liƙi rabinta kuza ce rabinta dalma ta ainihi, wadda guba ce, kuma tana fara narkewa tun daga digiri 183, shi ya sa take da daɗin aiki. Amma tana zuba guba cikin ruwan sha, musamman ruwan da ya kwana a bututu, kuma ƙananan yara ne suka fi cutuwa. Amurka ta hana amfani da ita a layin ruwan sha a shekarar 1986, inda doka ta ce abin liƙin kada gubar da ke cikinsa ta wuce kashi 0.2 cikin ɗari, ƙasashe da yawa kuma suna da irin wannan hani. Ka duba rubutun da ke jikin naɗin, kada ka yi amfani da wadda masu gyaran rediyo ke aiki da ita. Idan layinka tsoho ne kuma kana zaton da mai gubar aka liƙe shi, wannan ƙarin dalili ne na yanke tsohon bakin gaba ɗaya.

Yanzu wuta. Ka bar famfo ɗaya a buɗe domin iska mai zafi ta sami mafita. Idan akwai wata mahaɗa kusa, ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada garin neman gira a rasa ido, haka nan bawul mai roba a ciki, ko ka cire cikinsa ko ka kare shi. Ka fara ɗumama bututun kaɗan, sannan ka mayar da wutar kan jikin gwiwar, wajen gindin inda bututu ya tsaya, kana zagayawa da ita har ta bayan da ba ka gani. Dalma tana bin zafi, saboda haka inda kake son ta je, can za ka zafafa. Man zai fara tafasa yana ɗan hayaƙi. Lokaci zuwa lokaci ka kawar da wutar ka taɓa kan dalmar a bakin mahaɗa, ta ɓangaren da ke nesa da inda wutar take. Idan ba ta narke ba, ka ci gaba. Da zarar ƙarfen ya kai, za ka ga ta narke nan take ta ɓace ciki kamar an zuƙe ta, wani farin zare kuma ya zagaye bakin. A mahaɗar da ke kwance ka fara ciyarwa daga ƙasa ka hau gefe zuwa sama. Ga bututu mai milimita 15, tsawon dalmar da bai wuce faɗin bututun da yawa ba ya isa, abin da ya ƙaru a kan haka ciki yake zuba. Idan ka ga man ya ƙone ya yi baƙi kuma dalma tana gudu a kan ƙarfen ba ta kama, ka wuce gona da iri, kuma babu gyara sai ka bari ya huce ka raba ka sake gogewa. Mahaɗar tagulla mai kauri ta fi jan ƙarfe jinkirin ɗaukar zafi, sai a ba ta lokaci.

Ka bar ta ta huce da kanta ba tare da motsi ba. Kada ka watsa mata ruwa tana da zafi, domin sanyin farat ɗaya yana iya tsaga dalmar kafin ta gama daskarewa. Idan ta huce ka goge ragowar man da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ka sa ɗan madubi ka duba bayanta ka ga zoben ya zagaye ba yankewa.

Idan kuwa ruwan ya ƙi tsayawa ko ta yaya, ko wurin yana da haɗarin gobara, kada ka nace wa wuta. Mahaɗa mai noti da zoben tagulla da ake ɗaurewa da sifana ba ta damu da laima ba, haka ma irin da ake turawa kawai ta kama da haƙora da zoben roba, da irin da ake matsewa da na'ura. Dukansu gyara ne na gaskiya idan bakin bututu yana a zagaye, sumul, ba tsohuwar dalma a kansa. Mai noti dai ba na son a binne ta cikin bango inda ba za a iya leƙa ta ba. Shi kuwa ƙullin gam mai daskarewa da tef ɗin roba da ake naɗawa, suna iya riƙe maka ɗiga zuwa wayewar gari, amma ban yarda a rufe bango a kansu ba.

Wajen mayar da ruwa, ka buɗe bawul kaɗan-kaɗan, famfuna a buɗe, har iska ta gama fita, ka bar ruwan ya zuba na 'yan mintuna ya wanke ragowar man, sannan ka rufe famfunan domin layi ya ɗauki cikakken matsi. Ka goge mahaɗar, ka naɗa mata busasshiyar takarda, ka duba bayan awa guda, ka sake dubawa washegari, domin da dare, lokacin da ba a jan ruwa, matsi ya fi hawa.

Idan da ka raba tsohuwar mahaɗar ka tarar da ita fari fat ko'ina, ba baƙin zane, amma dalmar ta tsage, to laifin ba na mai liƙin farko ba ne, wani abu ne ke wahalar da layin, kuma zai sake tsaga sabuwar. Ka duba ko bututun yana rataye ba maɗauri, nauyinsa yana kan gwiwar, ko yana bugawa da ƙara duk lokacin da aka rufe famfo da sauri. Ka auna matsin ruwan, idan ya wuce 5.5 a ma'aunin matsi na "bar", a sa bawul mai rage matsi. A layin ruwan zafi kuma jan ƙarfe yana miƙewa: bututu mai tsawon mita 10 yana ƙaruwa da kimanin milimita 8 idan zafinsa ya hau da digiri 50, kuma idan an ɗaure shi tam a kai biyu, gwiwa ce ke shan wannan turi kullum. A irin wannan hali ka sassauta maɗaurin da ke dab da gwiwar, ka matsar da shi baya kaɗan, domin bututun ya sami wurin numfashi.